Burmi da Sauran Filayen Daga: Amanar da Ke Zubewa a Hannunmu

Ranar Litinin 27 ga Yuli, 1903, da hantsi, rundunar Turawan Ingila ta ja daga a gaban ganuwar Burmi, wani gari da ke kusa da kogin Gongola a ƙasar Gombe. Sojan sun kai kimanin 500, kuma in ka cire hafsoshi, sauran baƙaƙen fata ne, 'yan ƙasar nan da aka ɗauka aikin soja. Suna da igwa, suna da bindiga mai ruwa. A cikin gari kuwa akwai Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu da jama'ar da suka biyo shi hijira, ga kuma mutanen Burmi, almajiran Malam Jibrilla Gaini, waɗanda a watan Mayu suka fatattaki wata rundunar Turawa da Kyaftin Sword ya jagoranta. Makamansu kwari da baka ne, da mashi da takobi, sai 'yan bindigogi da ba su taka kara sun karya ba.

Aka yini ana gwabzawa. Tun ba a je ko'ina ba kibiya mai dafi ta sami kwamandan Turawa, Manjo Marsh, kuma bai tashi ba. Aka fasa ganuwa, faɗa ya koma lungu-lungu. An ruwaito cewa Sarkin Musulmi yana masallaci lokacin da labari ya iske shi, ya fito a ƙafa ya nufi inda wuta ta fi tsanani. Kafin faɗuwar rana ya kwanta dama, 'ya'yansa biyu tare da shi, gawar mutum kusan 90 kewaye da tasa. Rahoton Turawa da kansu ya ce waɗanda aka kashe a ranar sun haura 600. Aka cinna wa garin wuta, aka rushe shi. Daga ranar Burmi ta zama kufai.

Wurin yana nan har yau a ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gombe, ba nisa da Bajoga da Ashaka. A takardun gwamnati Mbormi ake rubutawa. Kabarin Sarkin Musulmi yana nan, na Manjo Marsh ma yana nan. In jihar ta tashi lissafa wuraren yawon buɗe ido, sunan ba ya ɓacewa a jeri. Amma ka tare ɗalibin sakandare a Sakkwato ko Kano, kai ko a Gombe, ka tambaye shi ina aka yi karon ƙarshe na Daular Usmaniyya, da wuya ya nuna maka gabas.

Yadda aka je Burmi

Wata huɗu kafin yaƙin Burmi, ranar 15 ga Maris, aka yi karon Giginya a bayan ganuwar Sakkwato. Kano ta riga ta faɗi tun 3 ga Fabrairu. Attahiru bai cika wata shida a kan gado ba. Faɗan bai daɗe ba, domin doki da mashi ba sa iya wa bindiga mai ruwa. Da aka watse, manyan Sakkwato suka rabu gida biyu. Waziri Buhari ya shawarci malamai, ya koma gari ya zauna da Turawa domin a tsira da addini da jama'a, shugaban Turawa Lugga ya naɗa Attahiru na Biyu ɗan Aliyu Babba. Attahiru na Farko kuwa hijira ya zaɓa. Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin ƙasar Kano da Zazzau, ya nausa gabas da niyyar Makka.

Abin da ya ɗaga wa Turawa hankali shi ne yadda talakawa suka riƙa barin gonakinsu ana gab da damina, suna ɗaure kaya suna bin sa, ƙauye bayan ƙauye. Sarkin Misau Ahmadu ya bi. Etsu Nupe Abubakar da aka tuɓe ya bi. Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, yana cikin ayarin, haka nan Alfa Hashim da sauran mutanen Shehu Umaru Futi da Faransawa suka koro daga yamma. Burmi kuma ba a banza aka nufe ta ba. Tana kusa da Dutsen Bima, wanda mutanen wancan zamani suke dangantawa da bayyanar Mahadi.

To, ina abin da ya rage na ranar Burmi? Ƙasar tana Gombe. Zuriyar waɗanda suka tsira da yawa tana Sudan, domin ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da dubban mutane har suka sauka a bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar, garin da suka kafa ana kiran sa Mai Wurno har gobe. Rahotannin hafsoshi suna gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna da na Ingila a Landan. Wasiƙun Larabci da aka kwasa a gidan Waziri Buhari a 1903, wani Bature H. F. Backwell ne ya fassara su aka buga a 1927. Labarin baka kuwa, wani jami'in mulkin mallaka, D. J. M. Muffett, shi ya bi tsofaffin da suka ga abin da idonsu, ya ji daga bakinsu, ya fitar da littafinsa a 1964. Takubba da kwaruruwa da layu da alluna, wasu suna gidajen jikoki, wasu an tafi da su ganima, sauran suna cikin ƙasa.

A ganina matsalar Burmi ba rashin katafaren gini ba ce. Matsalar ita ce abubuwan nan sun warwatsu, ba a tara su ko a takarda ba, kuma kowace damina tana tafiya da wani abu daga ciki.

Ƙasa ma shaida ce

Mutane da yawa in aka ce filin daga, kabari kawai suke hangowa. A kewaye kabari da bulo, a kafa allo, an gama. Alhali kabari ɗan ƙaramin yanki ne na abin da filin yake riƙe da shi.

A 1983 gobarar daji ta cinye ciyawar filin Little Bighorn a jihar Montana ta Amurka. A nan ne ranar 25 ga Yuni, 1876, mayaƙan ƙabilun Lakota da Cheyenne suka gama da Laftanar Kanar Custer da mutum sama da 200 da ke tare da shi. A cikin waɗannan babu wanda ya tsira balle ya ba da labari, labarin 'yan ƙasa kuma an daɗe ana yi masa kallon tatsuniya. Da wuta ta share ciyawa, masu binciken kufai suka shiga a 1984 da 1985 da na'urar gano ƙarfe. Duk kwanson harsashin da suka samu ba sa ɗaga shi sai sun kafa alama, sun auna, sun sa shi a taswira. Da yake kowace bindiga tana barin tabonta a gindin kwanso, sai suka iya bin bindigogi ɗaya bayan ɗaya, suka ga inda mai ita ya tsaya, da inda ya koma, da inda harbinsa ya ƙare. Abin da ya fito ya gaskata abubuwa da yawa da tsofaffin ƙabilun suka faɗa aka ƙi ji.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Labarin Burmi da muke da shi a rubuce, mafi yawansa daga alƙalamin waɗanda suka ci yaƙin ya fito, kuma hafsa in yana rubuta wa manyansa rahoto ba ya rubuta abin da zai ba shi kunya. Ta wace kusurwa aka fasa ganuwa? Ina aka girke bindiga mai ruwa? Ina masallacin yake, kuma yaya girman garin da ya ɗauki waɗannan dubban baƙi? Kwanson harsashi da kan kibiya da tsingaro da layin gwalalo suna iya ba da amsa, amma fa sai in an same su a inda suka faɗi. Kan kibiyar da yaro ya tsinta a gona ya kai kasuwa ya zama guntun ƙarfe. Kayan tarihin da aka raba da wurinsa da labarinsa kamar hadisi ne ba isnadi: ko da gaskiya ne, ba a kafa hujja da shi.

Abubuwan da ke cin irin waɗannan wurare kuwa ba baƙi ba ne a wurinmu. Garmar shanu tana juya saman ƙasa, tarakta tana kai wa ciki. Ruwan Agusta yana zaizaye tudun ganuwa. Masu bulo suna ɗibar jar ƙasa inda ta fi kyau, kuma tsohuwar ganuwa ƙasa ce da aka riga aka tara musu. Ga 'yan jari-bola da buhunsu da magnet ɗinsu, duk ƙarfen da suka samu na kilo ne. Daga ƙarshe sai gari ya iso, a yanka filaye. Ba na ganin laifin manomi ko mai neman abinci. In ba a nuna wa mutum iyaka ba, ba a ce masa ya ƙetare ta ba.

Giginya ta ishe mu misali. Birnin Sakkwato ya haɗiye ta, sunan ya koma kan bariki da filin wasa da otal. Ganuwar Kano, wadda Turawa suka shiga ta wajen Ƙofar Kabuga, tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su, amma duk mai wucewa yana ganin yadda gidaje da shaguna da kududdufai suka cinye ta. Burmi ta tsira daga wannan ne saboda tana karkara, ba don wani ya yi mata tanadi ba. A Gettysburg ta Amurka, inda aka yi yaƙi daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863, shekara ɗaya ba ta cika ba mutanen yankin suka kafa ƙungiya ta mallaki sassan filin, gwamnatin tarayya ba ta karɓa ba sai 1895. Ƙasa suka fara kamawa. Gine-gine daga baya suka zo.

Tuta, sulke da abin da ke cikin akwati

Akwai abu ɗaya na Burmi da labarinsa ya tsira, ita ce tutar Sarkin Musulmi. A Giginya, bayan runduna ta watse, wasu mutane suka tsaya a gindinta, in ɗaya ya faɗi wani ya karɓa, har aka gama da su. Turawa suka ɗauke ta. Ba a jima ba ta ɓace daga hannunsu, ta sake bayyana a ayarin Attahiru. A Burmi suka kuma kama ta, ta zauna a hannun soja shekara 57, sai a 1960, shekarar samun 'yancin kai, aka mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Abin da ya sa ƙyalle ya zama abin da ake karɓa da girmamawa shi ne an san hannun da ya bi, daga wane zuwa wane.

Sauran kayan ba su yi wannan sa'a ba. A gidajen sarauta da gidajen malamai da na tsofaffin barade, daga Sakkwato zuwa Misau, daga Katsina zuwa Maraɗi, akwai akwatunan ƙarfe da ba a cika buɗewa ba. A ciki za ka tarar da sulke a dunƙule, zobbansa sun kama juna da tsatsa. Ga lifidin doki, audugar ciki ta zama gidan ɓera. Ga kwari na fata ya bushe ya tsage, ga kwalkwali, ga likkafa, ga laya da ɗinkinta ya kwance. In akwai tuta, an ninke ta huɗu ko takwas, kuma daidai kan ninkin zaren yake karyewa, har ranar da za a buɗe ta rabe gida-gida. Takardu suna cikin gafaka, gara ta shiga ta gefe ta ci tsakiya ta bar baki, mai gida yana ganin littafinsa lafiya lau.

Wani lokaci ƙauna ce take yin ɓarnar. Sallah ta matso, za a yi hawa, sai a ba yaro takobin kaka a ce ya wanke. Ya sami yashi da toka da lemun tsami ya dirje shi har ya yi ƙyalli. An ji daɗi. Amma tambarin maƙeri da ke gindin ruwan takobin, ko rubutun da aka zana a jikinsa, wanda shi zai nuna ko a nan aka ƙera shi ko ta hamada ya zo, ya ragu. Shekara goma ana haka, ya tafi. Takardar da ta yage a liƙe ta da salatef, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya yi ja ya ci tawada. Wadda ake ji da ita sosai a kai ta shago a rufe ta da roba mai zafi, daga nan kuma ba mai iya ceto ta.

Maganin waɗannan ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Ƙarfe busasshen wuri yake so da ɗan mai mara ƙarfi, ba dirza ba. Ƙyalle a shimfiɗe yake so ko a naɗe a jikin gora mai kauri da farin yadi a tsakani, nesa da hasken rana. Takarda a ɗaga ta daga ƙasa, a raba ta da bango, a riƙa duba ta kafin damina da bayanta. Yanayinmu ne mai wuya: laimar Agusta ta kumbura fata da itace, hunturu ya zo ya busar da su su tsage, kowace shekara. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango sau da yawa ya fi ɗakin kwano da aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki, wutar ta zo yanzu ta ɗauke an jima.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne rajista. A ɗauki hoton abu gaba da baya, a auna shi, a ba shi lamba, a rubuta na wane ne, a wane yaƙi aka fita da shi, wa ya faɗa, shi kuma daga wa ya ji. Ba sai an raba iyali da gadonsu ba. Mutane suna ɓoye kayansu ne don tsoron kada hukuma ta karɓe, kuma tsoron yana da dalili. A bar takobi a gidansu, a ɗauki bayaninsa. Marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya nuna cewa gida ɗaya yana iya riƙe tarihin daula in akwai mai kula. Cibiyar tarihi da ke ɗauke da sunansa a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna da aka kafa a 1970, da Gidan Makama a Kano, duk suna da ma'aikatan da suka san wannan aiki. Abin da ya rage a ba su abin tafiya su shiga gidaje.

Abin da ya sami Umdurman

Wanda yake ganin akwai sauran lokaci, ya dubi Sudan. Shekara biyar kafin Burmi, ranar 2 ga Satumba, 1898, aka yi yaƙin Karari a arewacin Umdurman. Ansaru, mabiya Mahadin Sudan, sama da 10,000 suka mutu a safiya ɗaya, rundunar Turawan Ingila da Kitchener ya jagoranta ta rasa mutum 48. A 1928 aka mai da gidan shugabansu Halifa Abdullahi gidan tarihi, aka tara jibbobin Ansaru masu faci, da takubba da bindigogi da tutoci da kuɗin zamanin Mahadiyya. Kusan shekara ɗari yana nan, har an yi masa gyara na musamman 'yan shekarun baya. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Jami'an kayan tarihi na Sudan sun ba da rahoton an wawashe gidan. Babban gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum ma, da soja suka ƙwato birnin a Maris 2025, an tarar an kwashe abubuwa masu yawa. Tun Satumba 2024 UNESCO ta roƙi dillalan kayan tarihi na duniya kada su sayi abin da ya fito daga Sudan. Yaƙin bai bar jihar Sinnar ba, inda jikokin mutanen Burmi suke.

Yanzu da ake neman abin da aka sace, wanda yake da hoto da lamba shi ake da bakin nema. In ya ɓulla a kasuwar gwanjo a Turai ko a ƙasashen Larabawa, a fito da takarda a ce namu ne. Wanda ba a taɓa rubutawa ba, ko an gan shi ba a da ta cewa.

Mu ma ba a zaune ƙalau muke ba. A 2014 'yan Boko Haram sun kai hari Sukur a Adamawa, wurin da UNESCO ta amince da shi tun 1999. Tabkin Kwatto, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kara da Sarkin Gobir Yunfa a Yuni 1804, yana yankin Gudu. Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808, tana yankin Sabon Birni. Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a 1903, tana Zamfara. Duk wuraren nan yau malamin jami'a sai ya yi tunani biyu kafin ya ɗauki ɗalibai ya kai su. Burmi ana iya zuwa. Wannan dama ce, kuma dama ba ta zama.

Batun kaburbura

Akwai maganar da ba a cika faɗa a taron gwamnati ba, amma tana cikin zukatan mutane, kuma ya kamata a faɗe ta a fili. Wasu suna tsoron in aka raya irin waɗannan wurare za su koma wurin neman tabarruki, a riƙa ɗibar ƙasar kabari ana roƙon mamaci. Tsoro ne na masu kishin addini, ban raina shi ba. Sai dai duk alhajin da ya je Madina an kai shi Uhudu. Ya ga maƙabartar shahidai a kewaye, ya ga tudun maharba, an nuna masa ta inda dawakin Ƙuraishawa suka zagayo. Ba ƙubba, ba ado, amma wurin yana nan, kuma wanda ya tsaya a kan tudun nan ya fahimci yaƙin fiye da wanda ya karanta shi sau goma. Abin da ake nema wa Burmi bai wuce haka ba. Hasali ma barin garma ta bi ta kan ƙasusuwan Musulmi ɗaruruwa shi ne abin da ya kamata ya dame mu. Masu bincike kuma a gindaya musu sharaɗi tun farko: kabari ba a taɓa shi. Akwai na'urorin da ke nuna abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba tare da an sa diga ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi nauyi: matattun wa za a tuna? Burmi tana da daɗin faɗa, domin Sarkin Musulmi ne ya tsaya wa Nasara. Haɗeja ma haka, inda Sarki Muhammadu ya faɗi a 1906 har ake ce masa Mai Shahada. Satiru fa? A Fabrairu 1906 talakawa da bayi da almajirai na wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato suka tashi da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku da sojansu. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu, da sojan Turawa da dawakin Sakkwato tare, aka kashe mutum kusan 2,000, aka shafe garin, aka hana sake zama a wurin. Wannan labari ba ya yi wa kowa daɗi, shi ya sa ake tsallake shi. Haka Alƙalawa: ga wani nasara ce, ga Bagobiri kuwa ranar da birnin kakanninsa ya faɗi. Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Bello ya kara da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a 1836, yanzu tana cikin Nijar, kuma yadda ake ba da labarinta a Tsibiri ta Gobirawa ba haka ake ba da shi a Wurno ta Bello ba.

Ni dai ina ganin filin daga na duk wanda ya faɗi a cikinsa ne. A Isandlwana ta Afirka ta Kudu, inda Zulu suka karya rundunar Ingila ranar 22 ga Janairu, 1879, an fi shekara ɗari tarin fararen duwatsu na nuna inda sojan Ingila suka faɗi, sai a 1999 aka kafa abin tunawa da mayaƙan Zulu. Kada mu yi irin wannan jinkiri ta ɗaya gefen. A Burmi, a bar kabarin Marsh a kula da shi, shi ma shaida ne. A kuma faɗa wa yara gaskiya cewa waɗanda suka riƙe bindigogin nan da yawansu da Hausa suke magana. In aka ɓoye wannan, an ba su rabin labari.

Wa ke da alhaki

Doka tana nan. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ita ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta ba ta ikon ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa, ta hana tono ba izini, ta hana fitar da kayan tarihi waje. Sai dai tarar da ke ciki da nairar 1979 aka rubuta ta, yau ba ta tsorata kowa. Ƙasa kuwa, bisa dokar filaye ta 1978, a hannun gwamna take. Ma'ana, gwamnan jiha yana iya sa a auna fili, a kafa turaku, a fitar da shi a gazet, a biya manoman da abin ya shafa diyya, ba tare da ya jira Abuja ba. Ba lallai ne ma a hana noma gaba ɗaya ba. Ana iya yarjejeniya da masu gonaki: a yi noma da fartanya, ban da tarakta, ban da haƙar ƙasa, abin da aka tsinta a kai wa mai unguwa a rubuta inda aka same shi. Mai gadin da ya fi kowa shi ne mutumin ƙauyen da ya san wurin nasa ne, yana kuma samun wani abu in baƙi sun zo.

Ƙasar nan ta san yadda ake yi in ta ga dama. A Umuahia an kafa gidan tarihin yaƙi na ƙasa a 1985, aka tara kayan yaƙin basasa na ɓangarorin biyu. Habasha ta buɗe babban gidan tunawa da nasarar Adwa ta 1896 a Adis Ababa a Fabrairu 2024. Ba na ƙin a wayi gari an yi irin wannan a Bajoga. Amma mun sha ganin ginin da aka yanke masa ƙyalle da kaɗe-kaɗe, bayan shekara uku rufi na yoyo a kan akwatunan gilashi da babu komai a ciki. A fara da abin da za a sa a ciki.

Akwai kuma abin da ba ya jira ko kaɗan. Waɗanda suka ga Burmi da idonsu duk sun tafi, 'ya'yansu ma kusan haka. Jikokin da suka zauna a gaban waɗancan tsofaffi suka ji daga bakinsu, yau su ne masu shekara 70 da 80, a Funakaye da Nafaɗa da Misau da Sakkwato da Mai Wurno. Wayar hannu ta isa a ɗauki muryarsu. An cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare sama da shekara goma kafin a dawo da shi, yanzu da ya dawo malamai suna neman abin da za su nuna wa yara. Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere suna kusa, sashen binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello yana da ƙwararru, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da masu karanta takardun.

Ranar 27 ga Yuli, 2028, yaƙin Burmi zai cika shekara 125. Muna roƙon gwamnatin Gombe da masarautun yankin da Majalisar Sarkin Musulmi, kafin wannan rana a auna filin a kafa masa iyaka, a buɗe rajistar kayan da ke hannun iyalai, a ɗauki muryar tsofaffi har da na Sudan. Kai kuma mai karatu, in akwai takobi ko tuta ko takardar kakanni a gidanku, kada ka wanke, kada ka liƙe. Ɗauki hotonsa, ka je wurin wanda ya fi kowa shekaru a gidan ka tambaye shi na wane ne, ka rubuta abin da ya faɗa da kwanan wata.